DARASI NA TARA: MOTAR LANTARKI TA ZAMANI DA SIRRIN MAI ITA

9.0 Gabatarwa

Tun daga lokacin da mota ta shigo hannun jama'a, abin da aka san ta da shi shi ne ɗaukar mutum da kayansa daga wani wuri zuwa wani. Ba ta san sunan mai ita ba, ba ta kuma riƙe labarin inda aka je da ita. A yau al'amarin ya sauya. Motocin da ake ƙerawa yanzu, musamman masu amfani da lantarki, suna ɗauke da kwamfuta da layin waya da kyamarori, kuma suna aika rahoto zuwa ga kamfanin da ya ƙera su ko da mai motar yana barci. Hukumar Makamashi ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2024 an sayar da motocin lantarki fiye da miliyan 17, wato fiye da kashi 20 cikin 100 na sababbin motocin da aka sayar a duniya a wannan shekara. Ke nan batun ya wuce na 'yan tsiraru.

A wannan darasi za a yi nazarin irin bayanan da waɗannan motoci suke tattarawa, da hannuwan da bayanan suke faɗawa, da kuma dokokin da aka tanada a kansu. An zaɓi wannan batu ne saboda, in aka bi diddigi, tushen matsalar yana komawa ga harshe: an ce mai mota ya yarda a ɗebi bayanansa, alhali an nemi yardar tasa da kalmomin da bai karanta ba, ko ya karanta bai fahimta ba.

9.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi ya iya:

(a) bayyana ma'anar bayanai da sirri kamar yadda aka yi amfani da su a nan;
(b) kawo ire-iren bayanan da motar lantarki take tattarawa;
(c) tattauna hanyoyin da bayanan suke kuɓucewa daga ikon mai su, tare da misalai;
(d) yin sharhi a kan dangantakar harshe da yarda;
(e) tsara darasin auna fahimta daga wannan batu domin ɗaliban ƙaramar sakandare.

9.2 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Bayanai: A nan ana nufin duk wani abu da na'ura ta auna ko ta naɗa ta ajiye, kamar lamba ko hoto ko murya ko sunan wuri. Idan ana iya danganta su da wani mutum takamaimai, sai a kira su keɓaɓɓun bayanai.

Mota mai haɗe da intanet: Ita ce motar da aka ƙera da layin waya a cikinta, wanda ta hanyarsa take musayar saƙo da manyan kwamfutocin kamfani ba tare da ta bi ta wayar direba ba.

Sirri: Kalma ce da Hausa ta aro daga Larabci, ta kuma zauna daram har ta samar da maganganu irin su rufin asiri da tonon asiri da asiri ya tonu. Sau da yawa akan ɗauka cewa sirri shi ne abin kunya da mutum yake ɓoyewa. Ma'anar da ake nufi a wannan darasi ta fi haka faɗi. Sirri shi ne ikon da mutum yake da shi na yanke wanda zai san wani abu nasa, da iyakar abin da zai sani. Tsarin gidan Bahaushe na gargajiya misali ne mai kyau. Baƙo yana tsayawa a zaure, na kusa yana iya kaiwa shigifa, tsakar gida kuwa sai muharrami ko wanda aka yi wa izini. Ba don ana aikata abin assha a ciki aka yi wannan tsari ba. An yi shi ne domin kowa ya san matsayarsa. Haka abin yake ga bayanai. Likita ya san ciwon majinyaci, wannan daidai ne. Amma idan labarin ciwon ya isa ga wanda zai ɗauke shi aiki ba da saninsa ba, to an ƙetare iyaka.

9.3 Yadda Mota Take Tattara Bayanai

Motocin fetur na zamani ma suna tattara bayanai. Sai dai akwai dalilai uku da suka sa abin ya fi ƙarfi a motar lantarki. Na farko, batirinta shi ne mafi tsada a jikinta, kuma yana buƙatar kwamfutar da za ta riƙa lura da zafinsa da yawan cajinsa a kowane lokaci. Na biyu, mai sayen fetur yana iya biya da kuɗi hannu ya tafi ba wanda ya san shi, amma yawancin tashoshin caji na kan hanya sai an buɗe su da manhajar waya ko kati, wanda hakan yake haɗa sunan mutum da wuri da lokaci. Na uku, yawancin waɗannan motoci an tsara su ne tun farko a kan manhajar da kamfani yake sabuntawa daga nesa, kamar yadda kamfanin Tesla ya fara yi da motarsa Model S a shekarar 2012. Ƙofar da gyara yake shigowa ta cikinta, ta nan ne rahoto yake fita.

Ana iya kasa bayanan da ake tattarawa gida biyar:

1. Bayanan lafiyar mota: cajin batir, iskar taya, nisan tafiya da wurin da ya samu matsala.
2. Bayanan wuri: inda mota take, da hanyar da ta bi, da inda ta kwana, ta hanyar na'urar da ke aiki da tauraron ɗan'adam, wadda aka fi sani da GPS.
3. Bayanan tuƙi: gudu, taka birki da ƙarfi, figar mota, ɗaura bel, da lokacin da aka fita ko aka dawo.
4. Hoto da murya: akwai motocin Tesla masu kyamara takwas a jikinsu ta waje, ban da wadda ke kallon cikin mota. Akwai kuma makirufo domin karɓar umarnin baka.
5. Bayanan waya: idan aka haɗa waya da mota, lambobin mutane da jerin kiraye-kiraye, wani lokaci har da saƙonni, sukan kwafu zuwa cikin kwamfutar motar.

Daga cikin waɗannan, bayanan wuri su ne suka fi tona asiri. Ganin motar mutum sau ɗaya a ƙofar asibiti ba ya nuna komai. Amma wanda ya mallaki tarihin tafiye-tafiyensa na wata shida ya san gidansa da wurin aikinsa da makarantar 'ya'yansa da wurin ibadarsa da likitan da yake gani da kuma daren da ba ya kwana a gida. Kamfanoni sukan ce suna cire suna kafin su yi amfani da bayanan. Sai dai wani bincike da aka buga a mujallar Scientific Reports a shekarar 2013, wanda ya duba zirga-zirgar masu wayar hannu miliyan ɗaya da rabi, ya nuna cewa sanin wurare huɗu kacal tare da lokutansu ya isa a ware kashi 95 cikin 100 na mutanen ɗaya bayan ɗaya. Motar da take kwana a ƙofar gida ɗaya kullum ta riga ta faɗi sunan mai ita.

9.4 Amfanin Tattara Bayanai

Adalci ne a faɗi cewa ba don cuta aka fara wannan aiki ba. Ta hanyar bayanai ake gano batirin da ke neman kamawa da wuta kafin ya kama, ake gyara kuskuren manhaja ba tare da an je gareji ba, ake kuma gano motar da aka sace. A ƙasashen Tarayyar Turai, tun daga ƙarshen watan Maris na 2018 wajibi ne kowane sabon samfurin ƙaramar mota ya zo da na'urar da za ta kira lambar agaji ta 112 da kanta idan an yi mummunan haɗari, ta kuma faɗi wurin da abin ya faru. Abin lura a nan shi ne, dokar ta shar'anta cewa kada a yi amfani da wannan na'ura wajen bibiyar mota a sauran lokuta. Wannan ya nuna ana iya samun amfanin ba tare da an kwashe komai ba. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: nawa za a ɗiba, don me, har zuwa yaushe, kuma wa zai gani?

9.5 Hanyoyin da Bayanai Suke Kuɓucewa

9.5.1 Sayarwa

A watan Maris na 2024 jaridar New York Times ta bayyana cewa kamfanin General Motors na Amurka yana miƙa bayanan tuƙin abokan cinikinsa ga wasu kamfanonin dillancin bayanai biyu, LexisNexis da Verisk, su kuma suna sayar wa kamfanonin inshora. Jaridar ta kawo labarin wani mai motar lantarki ƙirar Chevrolet Bolt wanda kuɗin inshorarsa ya tashi da kashi 21 cikin 100. Da ya nemi ganin abin da aka rubuta a kansa, sai aka aiko masa da rahoto mai shafi 258, ɗauke da tafiye-tafiye 640 da shi da matarsa suka yi cikin wata shida, da lokacin tashi da na tsayawa da duk sa'ar da aka taka birki da ƙarfi. Direbobi da yawa sun ce ba su san an sanya su cikin shirin ba. Kamfanin ya dakatar da wannan hulɗa, Jihar Texas ta kai shi kotu a watan Agustan 2024, sannan a watan Janairun 2025 Hukumar Kula da Ciniki ta Tarayyar Amurka ta sanar da matakin hana shi miƙa irin waɗannan bayanai ga kamfanonin da ke tantance masu saye har tsawon shekara biyar. Darasin da ke nan shi ne, tonon sirri yana iya zama asarar kuɗi kai tsaye.

9.5.2 Sakaci

A watan Disambar 2024 mujallar Der Spiegel ta Jamus, tare da ƙungiyar masana kwamfuta ta Chaos Computer Club, ta bayyana cewa bayanan motocin lantarki kimanin 800,000 ƙirar Volkswagen da Audi da Seat da Skoda sun shafe watanni a wani rumbun ajiya na intanet ba tare da isasshiyar kariya ba. Kuskuren ya fito ne daga Cariad, reshen da ke rubuta wa Volkswagen manhaja. A cikin motocin akwai kimanin 460,000 da ake iya ganin ainihin wurin da suka tsaya, wasu har da kusancin santimita goma, kuma ana iya haɗa da yawa daga cikinsu da sunayen masu su. Waɗanda abin ya shafa sun haɗa da 'yan siyasa da motocin 'yan sandan birnin Hambug. Kamfanin ya toshe ɓarakar, ya kuma ce ba a taɓa lambobin sirri ko bayanan biyan kuɗi ba. Duk da haka tambayar da masana suka yi tana nan: me ya sa aka tara wannan bayani da wannan yawa tun farko? Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Abin da ba a tara ba, ba ya zuba.

Ba wannan ne karo na farko ba. A shekarar 2016 wani masanin tsaron kwamfuta mai suna Troy Hunt ya nuna cewa da lambar shasi kawai ana iya kunna na'urar sanyaya cikin motar lantarki ƙirar Nissan Leaf daga wata ƙasa, a kuma ga tarihin tafiye-tafiyenta. Sai da kamfanin ya rufe manhajar na wani lokaci. A shekarar 2023 kuma kamfanin Toyota ya amsa cewa bayanan motocin abokan cinikinsa miliyan 2.15 a Japan sun kasance a buɗe kusan shekara goma.

9.5.3 Leƙen Ma'aikata da na Makusanta

A watan Afrilun 2023 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito, daga bakin tsofaffin ma'aikatan Tesla, cewa tsakanin 2019 da 2022 wasu ma'aikata sun riƙa tura wa junansu hotuna da bidiyon da kyamarorin motocin jama'a suka ɗauka, har da na cikin garejin gidaje da na haɗurra. A ƙasar Holan kuwa, hukumar kare bayanai ta sanar a watan Fabrairun 2023 cewa Tesla ya sauya tsarin kyamarorin da ke gadin mota idan tana ajiye, saboda suna ɗaukar hoton masu wucewa waɗanda ba ruwansu da motar. Har wa yau, a Amurka an sami rahotannin matan da suka guje wa mazaje masu cin zarafinsu, amma mazajen suka riƙa bin sawunsu ta manhajar mota, domin sunan mijin ne a kan asusun. Wannan ya sa a farkon shekarar 2024 hukumar sadarwa ta ƙasar ta rubuta wa manyan kamfanonin motoci tana neman bayani.

9.5.4 Hukuma

A shekarar 2018 kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya gano cewa fiye da kamfanonin motoci 200 da ke sayar da motocin lantarki a ƙasar Sin, ciki har da na ƙasashen waje, suna aika aƙalla nau'in bayani 61, har da wurin da mota take, zuwa cibiyoyin sa ido da gwamnati take mara wa baya. Hukumomi sun ce ana yin haka ne domin tsaron lafiya da tsara tashoshin caji da hana maguɗi a tallafin da gwamnati take bayarwa. A ɗaya ɓangaren, ranar 1 ga Janairun 2025 wata mota ƙirar Cybertruck ta fashe a gaban wani otal a birnin Las Vegas, kuma cikin ɗan lokaci 'yan sanda suka gano hanyar da ta biyo daga Jihar Kolorado da taimakon bayanan tashoshin cajin Tesla. An yaba da wannan taimako, amma ya kuma nuna wa kowa irin abin da kamfanin yake iya sani game da kowane direba.

Su kansu gwamnatoci suna tsoron motocin juna. A shekarar 2021 Sin ta taƙaita shigar motocin Tesla wuraren soja, kamfanin kuma ya kafa cibiyar ajiye bayanai a cikin ƙasar. A watan Janairun 2025 Amurka ta fitar da ƙa'idar hana manhajar Sin da ta Rasha a motoci masu haɗe da intanet, daga samfurin shekarar 2027. Idan manyan ƙasashe suna ɗaukar mota a matsayin mai iya leƙen asiri, ba za a ga laifin talaka ba idan ya yi tambaya game da tasa.

9.6 Harshe da Matsalar Yarda

Hujjar da kamfanoni suka fi kafawa ita ce, mai mota ya amince. Wani ma zai ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma wannan karin magana ya ginu ne a kan sani. Mai sayen rariya yana ganin hudojinta da idonsa. Mai sayen mota kuwa ba ya ganin abin da take aikawa.

A watan Satumbar 2023 Gidauniyar Mozilla ta fitar da sakamakon nazarin takardun tsare sirri na kamfanonin motoci 25. Babu ko ɗaya da ya cika sharuɗɗan da gidauniyar ta gindaya. Kashi 84 cikin 100 sun ce suna iya miƙa bayanan ga wasu, kashi 76 sun ce suna iya sayar da su, kashi 56 kuma sun ce suna iya bai wa hukuma idan ta nema. Biyu ne kawai, Renault da Dacia, suka ce kowane direba yana da haƙƙin a goge bayanansa. Masu nazarin sun ce sun shafe fiye da awa 600 a kan aikin. To, ina ga mai saye da ke tsaye gaban dillali, ana nuna masa inda zai danna?

Ga mai nazarin harshe, akwai dabaru huɗu da ake yawan samu a irin waɗannan takardu:

(a) Kalmar yiwuwa: akan ce “muna iya” ko “mai yiwuwa mu”, maimakon “muna yi”. Wannan yana buɗe ƙofa ba tare da an faɗi ko an shiga ba.
(b) Ɓoye mai aiki: akan ce “akan yi musayar bayanai”, ba a faɗi wa yake bayarwa ba, wa kuma yake karɓa.
(c) Jerin da ba ya ƙarewa: akan lissafa abubuwa kaɗan sannan a rufe da “da makamantansu”.
(d) Tausasa suna: mai sayen bayanai ya zama “abokin hulɗa”, sayarwa ta zama “rabawa”, bibiya kuma ta zama “inganta hidima”.

Daɗin daɗawa, mota ba kamar wayar hannu take ba, domin mutane da yawa suke shiga. Nazarin Mozilla ya nuna cewa takardar kamfanin Subaru tana ɗaukar fasinja a matsayin wanda ya amince da zarar ya shiga motar. Ke nan an mayar da shiru ya zama amsa, an kuma mayar da zama a kujera ya zama sa hannu. Yarda ta gaskiya tana buƙatar abu uku: mutum ya fahimci abin da ake nema, ya kasance yana iya cewa a'a ba tare da an hana shi amfanin abin da ya saya ba, kuma ya iya janyewa daga baya.

9.7 Abin da Dokoki Suka Tanada

Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, ta kafa ƙa'idojin da ƙasashe da yawa suka kwaikwaya: kada a tara fiye da abin da ake buƙata, kada a yi amfani da bayani a kan wata manufa dabam da wadda aka faɗa, kuma mai bayani yana da haƙƙin gani da gyarawa da neman a goge. Tarar karya ta tana iya kaiwa yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ƙasar Sin ta fara aiki da ƙa'idojin bayanan motoci da dokar kare keɓaɓɓun bayanai a ƙarshen shekarar 2021. A Amurka kuwa, jihohi irin su Kalifoniya ne suka yi nasu dokokin.

A Nijeriya, sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrinsa da na gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman domin wannan aiki. Abu biyu a cikinta sun shafi darasinmu kai tsaye: ta ce a nemi yarda cikin harshe bayyananne mai sauƙi, ta kuma ce shirun mutum ba yarda ba ne.

9.8 Ina Ruwanmu?

Motocin lantarki ba su yawaita a Nijeriya ba tukuna, amma sun fara shigowa. A shekarar 2020 aka ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki da aka harhaɗa a Legas. A 2021 aka buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 hankalin jama'a ya ƙara karkata ga abin hawan da ba ya shan mai. Ban da wannan, yawancin motocinmu na hannu ne, kuma tsohuwar mota takan zo da lambobin waya da adireshin mai ita na farko a cikin kwamfutarta, kamar yadda za ta tafi da namu idan muka sayar ba mu goge ba. Haka kuma, masu bayar da mota ko babur a biya kaɗan-kaɗan sukan maƙala na'urar bibiya a jiki. A duk waɗannan wurare, takardar yarjejeniya da Ingilishi take zuwa. Idan doka ta ce a yi bayani cikin harshe mai sauƙi, to ga direban da Hausa kaɗai yake ji, ba a cika wannan sharaɗi ba sai an fassara masa. Nan ne aikin masanin Hausa ya shigo. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

9.9 Matakan Kariya

Mai mota yana iya rage haɗarin ta waɗannan hanyoyi: ya duba sashen tsare sirri a allon motar da manhajar waya ya kashe abin da ba ya buƙata, kada ya bari a danna masa “na amince” a wurin saye, ya ƙi kwafe lambobin wayarsa a motar haya ko ta aro, ya san duk wanda yake da izinin shiga asusun motar, sannan ya goge komai ya cire motar daga asusunsa kafin ya sayar. Amma a sani cewa waɗannan matakai ragi ne kawai. Babban nauyin yana kan kamfanin da ya tsara na'urar da kuma hukumar da aka ɗora wa aiwatar da doka.

9.10 Shawara ga Malami Mai Koyarwa

Wajen gabatar da wannan batu a aji, a fara daga abin da yara suka sani, wato wayar hannu da tsarin zaure, kafin a kai su ga mota. A rubuta sababbin kalmomi a allo, a bar ɗalibai su kawo nasu sunayen, sannan a auna kowane suna da ma'auni uku: sauƙin furuci, dacewa da ma'ana, da bin ƙa'idar ginin kalmar Hausa. Ana kuma iya raba aji biyu a yi muhawara.

9.11 Kammalawa

A wannan darasi an ga cewa motar lantarki ta zamani tana tattara bayanan da suka shafi lafiyarta da wurin da take da halin direbanta, har da hoto da murya. An ga amfanin hakan, an kuma ga hanyoyi huɗu da bayanan suke kuɓucewa: sayarwa da sakaci da leƙe da buƙatar hukuma. An nuna cewa yardar da ake kafa hujja da ita ba ta inganta sai da fahimta, fahimta kuwa ba ta samuwa sai da harshen da mutum yake ji. Bayanan da mota ta ɗauka amana ce a hannun kamfani, kuma Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

9.12 Auna Fahimta

1. Bambanta tsakanin sirri a matsayin abin ɓoyewa da sirri a matsayin iko, tare da misali daga tsarin gidan Bahaushe.
2. Kawo dalilai uku da suka sa motar lantarki ta fi tattara bayanai.
3. Me ya sa cire suna daga bayanan wuri ba ya wadatarwa?
4. Kwatanta abin da ya faru a kamfanin General Motors da na Volkswagen. Ina suka yi kama, ina suka bambanta?
5. Shin karin maganar rariya ya dace da mai sayen motar zamani? Kafa hujja.

9.13 Jinga

Nemo takardar sharuɗɗa ta wata manhaja da ke cikin wayarka, ka zaɓi sakin layi ɗaya ka fassara shi zuwa Hausa mai sauƙi. Ja layi a ƙarƙashin duk inda ka ga ɗaya daga cikin dabaru huɗu da aka ambata a 9.6, sannan ka sake rubuta sakin layin yadda zai fito da mai aiki da aikin da abin da aka aikata a fili.